Makamashin tsirrai, sauyin yanayi da ci gaban ƙasashe: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ake nufi da makamashin tsirrai?

Shi ne duk wani zafi, lantarki, gas ko mai da ake samarwa daga abin da ya tsiro ko ya rayu kwanan nan, wato itace, gawayi, kara, ɓuntun shinkafa, totuwar masara, tukar rake, kashin dabbobi, ragowar abinci da man da aka gama suya da shi. Kwal da fetur ma asalinsu halittu ne, amma sun shafe miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa, don haka ba a lissafa su a wannan rukuni. Masana sun kasa shi gida biyu. Akwai na gargajiya, wanda ya ƙunshi ƙona itace da gawayi da busasshen kashin shanu a murhu don girki da jin ɗumi. Akwai kuma na zamani, irin su etanol, wato man da ake samu daga rake ko masara ake haɗawa da fetur, da bayodizal, wato man dizal da ake yi da man tsirrai ko kitse, da bayogas, da curarren garin katako da ake ƙonawa a tashoshin lantarki. Idan aka haɗa su duka, suna bayar da kusan kashi 10 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi, kuma a cikin makamashi mai sabuntuwa babu wanda ya kai su girma. Mutane da yawa kan yi mamakin jin haka, saboda hasken rana da iska ne suka fi shiga labarai. Abin kuma ba sabo ba ne, domin tun a bikin baje kolin duniya na birnin Paris a 1900 aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa.

Tun da ƙona itace ma hayaƙi yake fitarwa, ta yaya za a ce yana rage sauyin yanayi?

Hujjar ta ginu ne a kan zagayen da iskar kabon ke yi. Tsiro yana zuƙar wannan iska daga sararin sama yayin da yake girma, idan aka ƙona shi sai ya mayar da ita, sannan tsiron da ya maye gurbinsa ya sake zuƙe ta. Shi kuwa kwal ko fetur, kabon da ke cikinsa ya daɗe a binne, kuma fito da shi ƙari ne a kan abin da ke sama. A takarda, ke nan, wanda ya ƙona etanol na rake a madadin fetur bai ƙara komai ba.

Sai dai lissafin yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne gardamar take. Dole tsiron ya sake fitowa da gaske. Dole a cire kabon da aka fitar wajen huɗa, takin zamani, sufuri da sarrafawa a masana'anta. Takin zamani mai sinadarin naitirojin yana sakin wata iska daga ƙasa wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon fiye da sau 270, don haka gonar da aka cika wa taki tana iya cinye rabo mai yawa na ribar da ake tsammani. A bakin bututun hayaƙi kuwa, itace yana fitar da kabon fiye da kwal a kan kowane ma'aunin zafi ɗaya, saboda akwai danshi a cikinsa kuma ƙarfinsa bai kai ba. Ribar tana zuwa ne daga baya, lokacin da sabon tsiro ya girma.

Me ake nufi da bashin kabon?

Wannan ita ce tambayar da ta sauya tunanin masana a kan lamarin baki ɗaya. A 2008 mujallar kimiyya ta Science ta buga bincike guda biyu, ɗaya ƙarƙashin jagorancin Joseph Fargione, ɗayan kuma na Timothy Searchinger. Na farkon ya nuna cewa idan aka share daji ko makiyaya domin shuka amfanin da za a yi mai da shi, kabon da ke cikin itatuwa da ƙasa yakan tashi sama a ɗan lokaci kaɗan, kuma man da za a riƙa samu daga gonar sai ya shafe shekaru yana rage hayaƙin fetur kafin ya biya wannan asara. Wannan shi ne bashin. Tsawon lokacin biyansa ya danganta da irin ƙasar da aka share. Mafi muni shi ne dazuzzukan dausayi na kudu maso gabashin Asiya, inda ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi suka taru a cikin ruwa tsawon dubban shekaru. Idan aka tsane ruwan aka dasa kwakwar manja, binciken ya ƙiyasta cewa biyan bashin zai ɗauki fiye da shekara 400.

Binciken Searchinger ya ƙara wani abu da ya fi wuyar gani. Ko da ba a sare itace ko ɗaya ba a gonar da ake noman man, idan a da gonar tana ciyar da mutane ko dabbobi, to buƙatar abincin ba ta gushe ba. Farashi zai ɗaga, kuma wani manomi a wata nahiya zai share sabon fili don cike giɓin. Ba za a iya nuna wannan fili da yatsa ba, sai dai a ƙiyasta shi da lissafin tattalin arziki, shi ya sa har yau masana ba su daina saɓani a kan girmansa ba. Amma da wuya a samu mai cewa babu shi. Dalilin da ya sa lokaci yake da muhimmanci kuwa shi ne, yarjejeniyar Paris ta 2015 tana neman a tsayar da ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin kada ta wuce 1.5, kuma shekaru ashirin zuwa talatin masu zuwa ne za su yanke wannan hukunci. Bashin da sai bayan ƙarni za a biya ba zai taimaka wa wannan buri ba.

Girki da itace da gawayi yana cikin abin da ake yabo?

A'a, kuma ya kamata a bambance wannan tun da wuri. Mutane fiye da biliyan 2 har yanzu suna girki da itace, gawayi, kara, kashin dabbobi, kwal ko kananzir, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Cututtukan da ke biyo baya sun haɗa da ciwon huhu, shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar hayaƙin saboda su ne a bakin murhu. Murhun duwatsu uku yana isar da kusan kashi 10 zuwa 15 ne kacal na zafin itacen ga tukunya, sauran ya bi iska. Haɗa gawayi a ramin ƙasa ma asara ce mai yawa, domin akan ƙona itace mai nauyin da ya ninka gawayin da za a samu sau biyar zuwa goma.

Ta fuskar yanayi, wani bincike na 2015 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na itacen wuta da ake sarewa a duniya ana sare shi ne fiye da yadda yake sake tsirowa, kuma hayaƙin da ke fitowa daga wannan fanni ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa. Wannan adadi ba ƙarami ba ne, amma yana kuma wanke talaka daga wani zargi da aka daɗe ana ɗora masa, domin babban abin da ke cinye dazuzzukan duniya shi ne faɗaɗa gonaki da wuraren kiwo, ba mai ɗebo itacen girki ba. A ganin mai wannan rubutu, babu wani aiki a duk wannan fanni da ya kai raba gidaje da hayaƙin murhu muhimmanci, ko da kuwa da iskar gas ta tukunya za a yi shi, wadda ba mai sabuntuwa ba ce. Muradi na bakwai cikin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa 2030 a matsayin wa'adin samar wa kowa girki mai tsabta, kuma a taron da aka yi a Paris a watan Mayun 2024 an yi alƙawarin dala biliyan 2.2 domin Afirka. Tafiyar dai tana baya ƙwarai.

Me ya sa ake yawan kawo misalin Brazil?

Saboda ita ce ƙasar da ta fi nuna cewa abin yana iya yiwuwa a babban mataki. Bayan tashin farashin mai na 1973, gwamnatin Brazil ta ƙaddamar da shirin etanol na ƙasa a 1975, ba don yanayi ba, sai don rage kuɗin da take kashewa wajen shigo da mai. Shirin ya samu tangarɗa a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da fetur ya yi arha, sukari ya yi tsada, etanol ya yanke a gidajen mai, masu motoci suka juya masa baya. Abin da ya farfaɗo da shi shi ne fitowar motocin da ke iya shan fetur ko etanol ko gaurayensu a 2003, wanda ya ba direba damar zaɓen wanda ya fi sauƙi a ranar. A yau mafi yawan sababbin ƙananan motoci a ƙasar irin waɗannan ne, kuma fetur ɗin da ake sayarwa yana ɗauke da etanol kashi 27 tun 2015, aka ƙara shi zuwa 30 a 2025.

Rake yana da fifiko na musamman. Yana bayar da sukari mai yawa a kowace hekta, ba a sake dasa shi duk shekara, kuma tukarsa ce ake ƙonawa don tafiyar da masana'antar, har a sayar da rarar lantarki ga layin ƙasa. Wannan ne ya sa etanol na rake yake rage hayaƙi da fiye da rabi idan aka kwatanta da fetur. Duk da haka tarihin bai rasa tabo ba, domin an daɗe ana ƙona gonakin rake kafin girbi, kuma masu yankan rake da adda sun yi aiki cikin mawuyacin hali. Jihar Sao Paulo ta daina ƙonawar a hankali ta koma girbi da inji, iska ta gyaru, amma dubban leburori sun rasa aiki.

Etanol na masara da ake yi a Amurka fa?

Amurka ce ta fi kowa samar da etanol, kuma ita da Brazil suna riƙe da kusan kashi 80 na abin da duniya ke samarwa. Dokokin 2005 da 2007 ne suka wajabta haɗa shi da fetur, har ta kai fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar yana tafiya masana'antun etanol, ko da yake dusar da ta rage tana komawa abincin dabbobi. Masara tana buƙatar taki mai yawa, kuma galibi da iskar gas ake dafa ta a masana'anta, don haka ribarta ga yanayi ba ta kai ta rake ba. Wasu bincike suna cewa tana rage hayaƙi da kusan kashi 40, wasu kuma suna cewa idan aka lissafa sababbin gonakin da aka buɗe, ba ta fi fetur ba.

Gaskiya ne cewa man tsirrai yana tsadar da abinci?

Yana iya yi, amma ba shi kaɗai yake yi ba. A rikicin farashin abinci na 2007 zuwa 2008 abubuwa da dama sun haɗu: tsadar ɗanyen mai da taki, fari a Ostireliya, raguwar hatsin ajiya, hana fitar da shinkafa da wasu ƙasashe suka yi, da kuma karkatar da masara zuwa etanol. A lokacin ne Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan haƙƙin samun abinci, ya kira mayar da gonakin abinci zuwa noman mai laifi ga bil'adama. Masana tattalin arziki sun saɓa a kan kason da man tsirrai ya ɗauka na laifin, amma sun yarda cewa dokar da ta wajabta wani adadi na mai kowace shekara, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, tana tsananta tashin farashi a shekarar da amfani ya yi ƙaranci. Wanda ya fi jin jiki shi ne magidancin da ke kashe rabin abin da yake samu a kan abinci.

Tarayyar Turai ta ɗauki darasi daga wannan. Dokarta ta 2009 ta ƙarfafa man tsirrai a sufuri, amma a 2015 ta ƙayyade wanda ake yi da amfanin gona na abinci zuwa kashi 7, sannan a 2018 ta yanke cewa za a daina lissafa manja a cikin makamashi mai sabuntuwa zuwa 2030. Indunusiya kuwa, wadda ta fi kowa noman kwakwar manja, ta bi akasin wannan hanya a cikin gida, inda ta ɗaga gaurayen bayodizal zuwa kashi 30 a 2020, kashi 35 a 2023, da kashi 40 a 2025.

Ina aka kwana da maganar bini-da-zugu?

A tsakiyar shekarun 2000 an yi ta yayata cewa wannan itaciya, wadda ake matse mai daga 'ya'yanta, za ta warware matsalar abinci da mai, tun da ba a cin 'ya'yanta kuma tana rayuwa a ƙasar da ba ta da ƙarfi. Kamfanoni suka karɓi dubban hektoci a Tanzaniya, Mozambik, Ghana, Habasha da Indiya. Abin da aka gano daga baya shi ne, rayuwa daban, bayar da 'ya'ya daban: a busasshiyar ƙasa itaciyar tana tsayawa amma ba ta haihuwa sosai, kuma idan ana son amfani mai yawa sai an ba ta ruwa da taki da ƙasa mai kyau, wato abubuwan da aka ce ba ta buƙata. Ba a kuma inganta irinta ba kafin a bazama dasawa. Kafin shekara goma mafi yawan ayyukan sun durƙushe, kuma a wurare da dama mutanen ƙauyukan da suka saki filayensu sun tashi ba aikin, ba filin. Ƙasar da takardun gwamnati suka kira marar amfani sau da yawa makiyaya ce, ko wurin ɗebo itace da magani da zuma.

Mene ne bayogas, kuma me ya sa masana suka fi amincewa da shi?

Idan aka zuba kashin dabbobi, ragowar abinci ko najasa a rufaffen rami da iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta suna narkar da su su fitar da gas wanda rabi zuwa kashi 70 nasa iskar mitan ce, ita ce kuma iskar da ke cikin gas na bututu. Ana girki da shi, ana kunna janareta, ana kuma iya tace shi a zuba a layin gas na ƙasa. Ribarsa biyu ce a lokaci ɗaya. Yana maye gurbin wani makamashi, kuma yana kama mitan da da ma zai tashi daga juji ko tarin kashi, alhali ƙarfin mitan wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon kusan sau 80 a cikin shekara 20. Ruwan da ya rage a ramin kuma taki ne mai kyau.

Sin ta gina irin waɗannan ramuka na gida har kusan miliyan 40, Indiya ta gina miliyoyi, Jamus tana da manyan tashoshi fiye da 9,000, Denmak kuma tana samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na gas da take amfani da shi daga wannan hanya. Matsalarsa ta kulawa ce. Ramin gida yana buƙatar dabbobi a ɗaure kusa, da ruwa kullum, da mai gyara idan bututu ya toshe, kuma da yawa daga waɗanda aka gina da tallafi an yi watsi da su bayan 'yan shekaru. Idan kuma ramin yana yoyo, mitan da ke tserewa yana iya share ribar gaba ɗaya.

Me ya sa ake jayayya a kan ƙona katako a tashoshin lantarki na Turai?

Tashar Drax da ke Ingila, wadda a da ita ce mafi girman tashar kwal a ƙasar, ta koma ƙona curarren garin katako, mafi yawansa daga Amurka da Kanada. Bisa ƙa'idar lissafi ta duniya, kabon da ke fita daga ƙona itace ana rubuta shi ne a ɓangaren amfani da ƙasa na ƙasar da aka sare itacen, don kada a lissafa sau biyu. Sakamakon haka, ƙasar da ta ƙona tana rubuta sifili a littafinta na makamashi. Masu suka suna cewa wannan ya sa ana bayar da tallafi ga abin da ke ƙara hayaƙi na tsawon shekaru masu yawa. Masu karewa suna cewa ragowar injin yankan katako da rassan da za su ruɓe ne ake amfani da su. Kowane ɓangare yana da gaskiya gwargwadon abin da aka zuba a tanderun: garin katako bashinsa gajere ne, cikakkiyar bishiyar da aka sare don wuta kuwa bashinta yana iya kai shekaru da dama. Suwidin, wadda ta sa harajin kabon tun 1991 ta kuma mayar da ɗumama gidajen birane kan ragowar masana'antar katako, ita ce misalin da ya fi tsabta.

Tun da hasken rana ya yi arha, me ake nema kuma da tsirrai?

Idan lantarki kawai ake so, tsiro ba ya gogayya da faifan sola. Amfanin gona yana mayar da kusan kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka na hasken da ya sauka a kansa zuwa makamashi, faifan sola kuwa yana mayar da kusan kashi 20, don haka hekta ɗaya ta sola tana tafiyar da motar lantarki nisan da ya ninka na hekta ɗaya ta masara sau da yawa. Inda tsirrai suka yi fice shi ne ana iya ajiye su, kuma ana iya mayar da su ruwa ko gas. Wannan ya sa sun fi dacewa da wuraren da lantarki bai kai ba tukuna, irin su jiragen sama masu dogon zango, jiragen ruwa, da tanderun masana'antu masu buƙatar zafi mai tsanani. Tarayyar Turai ta wajabta cewa kashi 2 na man jirgin sama a filayenta ya zama mai ɗorewa daga 2025, ya kai kashi 6 a 2030, da kashi 70 a 2050. A yanzu dai irin wannan mai bai kai kashi 1 na abin da jiragen duniya ke sha ba, kuma tsohon man suya da kitsen dabbobi da ake yin sa da su ba su da yawan da zai wadatar.

Da gaske ne ana iya janye kabon daga sama ta wannan hanya?

A ƙa'ida ana iya yi. Tsiro ya zuƙi kabon, a ƙona shi ko a yi etanol da shi, a kama iskar kafin ta fita, a tura ta cikin duwatsu masu zurfi a ƙarƙashin ƙasa. A garin Decatur na jihar Illinois ta Amurka an fara yin haka a wata masana'antar etanol tun 2011, aka binne kusan tan miliyan 1 cikin shekara uku na farko. Da yawa daga lissafe-lissafen da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya tattara sun dogara da wannan fasaha wajen janye biliyoyin tan a shekara nan gaba, alhali abin da ake kamawa yanzu 'yan miliyoyi ne kawai. Rahoton kwamitin na 2019 kan ƙasa da yanayi ya yi gargaɗin cewa yin haka a wannan girma zai buƙaci filaye masu faɗin miliyoyin murabba'in kilomita, tare da barazana ga abinci, ruwa da namun daji. Akwai wata hanya mai sauƙi, wato a gasa kara ko ɓawo ya zama gawayi a binne shi a gona, inda kabon ɗin zai daɗe kuma ƙasar ta ƙara riƙe danshi.

Kara da ɓuntu da sauran ragowar gona ba kyauta suke ba?

Ba duka ba. Karan da aka bari a gona yana kare ƙasa daga zaizaya yana kuma mayar mata da ƙarfi, wani kuma abincin dabbobi ne ko kayan gini. Ragowar da ta fi dacewa ita ce wadda ta riga ta taru a wuri ɗaya, kamar ɓuntu a injin casar shinkafa, tuka a masana'antar sukari, ko garin katako a wurin yanka, da kuma wadda ake cinna wa wuta a fili, kamar karan shinkafa na arewacin Indiya da hayaƙinsa ke turnuƙe birnin Delhi kowace kaka. Mayar da kara zuwa etanol kuwa ya fi wuya fiye da yadda aka zata. Dokar Amurka ta 2007 ta yi hasashen galan biliyan 16 a shekara zuwa 2022, amma abin da aka samu bai ko kusanci hakan ba, kuma manyan masana'antun da aka gina don aikin sun rufe.

Wane amfani ƙasashe masu tasowa za su iya samu?

Na farko shi ne rage kuɗin waje da ake kashewa wajen shigo da mai. Malawi, wadda ba ta da teku, tana haɗa etanol na rake da fetur tun 1982, Zimbabwe kuma ta fara tun 1980. Indiya ta kai gaurayen etanol kashi 20 a 2025, shekara biyar kafin wa'adin da ta fara sa wa kanta. Tsibirin Mauritius ya daɗe yana samun wani kaso na lantarkinsa daga tukar rake. Na biyu shi ne aikin yi, domin man tsirrai yana ɗaukar mutane fiye da miliyan 2 a duniya, mafi yawansu a gona. Na uku shi ne lantarki da zafi ga ƙananan masana'antun karkara daga sharar da suke fitarwa da kansu.

Sai dai adadin ayyuka ba ya nuna ingancinsu, kuma da yawa na lokacin girbi ne kawai. Abin da ke raba aikin da ya amfani jama'a da wanda ya cuce su galibi ba fasaha ba ce, sai dai amsar wasu tambayoyi: wa ke da filin, ko an nemi yardar masu shi kafin a karɓa, ko ƙananan manoma suna da kwangilar da ke kare su idan farashi ya faɗi, da kuma ko man ana amfani da shi a cikin gida ne ko duk waje ake fitarwa.

Ba gara a haramta gawayi kawai ba?

An gwada. Kenya ta dakatar da sare itace a dazuzzukan gwamnati a 2018 tare da takura cinikin gawayi, kuma abin da ya biyo baya shi ne tsada da fasa-ƙwauri daga maƙwabta, domin mutanen birni ba su daina girki ba. Afirka ce ke samar da fiye da rabin gawayin duniya, kuma sana'ar tana ciyar da miliyoyin mutane. Haramci ba tare da madadi ba yana mayar da cinikin ɓoye ne kawai. Abin da ya fi aiki shi ne a haɗa matakai: dasa itatuwan da aka ware don wuta, ingantattun tanderun haɗa gawayi, murhunan da ke rage ci, da sauƙaƙa samun gas, etanol na girki ko lantarki. Kuɗin sayar da takardun rage kabon, wato takardun shaidar an rage hayaƙi da kamfanoni ke saye don cike gurbin nasu hayaƙin, ya taimaka wajen raba murhuna masu yawa, amma wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2024 ya gano cewa ragin da ayyukan da aka duba suke iƙirari ya ninka na gaskiya kusan sau tara, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ana ɗauka cewa gidan da ya karɓi sabon murhu ya daina amfani da tsohon, alhali sau da yawa duka biyun ake hurawa.